Baƙon Dauro Da Ɓarnar Da Ya Kan Bari Bayan Ya Tafi

 Nufina in yi magana bisa wani ciwo wanda kowa ya san shi, har yawan sanin ya sa aka raina shi, watau ƙyanda, wadda waɗansu ke kira baƙon dauro. Kwanakin da yaro kan yi a kwance da ita kowa ya gan su da idonsa, ba sai na tsaya faɗi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne watannin da ke biye da tashinsa, sa'ad da iyaye sun riga sun yi godiya, maƙwabta sun yi barka, alhali kuwa haɗarin yana nan bai gushe ba.

Wata shekara da bazara ƙyanda ta shiga makarantata. Yara goma sha ɗaya suka kwanta a zaure ɗaya, bi da bi, cikin mako uku. Allah da ikonsa dukansu suka tashi, muka yi sadakar waina, na ce an rabu da baƙo lafiya. A cikinsu akwai wani ƙaramin yaro, bai fi shekara shida ba, wanda ubansa ya kawo mini daga ƙauye bayan kaka, ya danƙa mini shi hannu da hannu. Yaron ya tashi a rame, fatarsa tana sāɓa kamar ta maciji, amma yana ci yana sha. Da na ga haka sai na mai da shi ga allonsa, na bar shi ya bi 'yan'uwansa neman abinci cikin gari. Bayan kamar mako bakwai sai tari ya kama shi da zazzaɓi. Na ce mura ce. A dare na uku na ji numfashinsa daga inda nake kwance, sama-sama, kamar na ɗan tsako da ya faɗa ruwa. Muka ɗauke shi a babur ɗin maƙwabcina zuwa asibiti.

Likitar da ta karɓe mu, yarinya ce sa'ar 'yata, ta duba shi, ta ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan ya yi ƙyanda kwanan baya?" Na ce, "Ya yi, 'yata, amma ai tuni ya warke." Ta ce, "Baba, ƙurajen ne suka warke." Ba ta ƙara kome ba, ta koma kan aikinta. Kafin kiran assalatu yaron ya cika. Da ubansa ya zo bai ɗora mini laifi ba, cewa ya yi, "Malam, kwanansa ne ya ƙare." Gaskiya ya faɗa. Amma amana ni aka ba, kuma maganar yarinyar nan ta hana ni sakat, har na nemi wani tsohon almajirina wanda ya yi karatun likita, na zaunar da shi a kan buzuna kwana da kwanaki, yana karanto mini abin da masana suka gano, ina yi masa tambaya irin ta mai koyo. Abin da na fahimta shi zan shimfiɗa a nan.

Ka sani, ya kai mai karatu, ciwon nan tsoho ne, kuma wanda ya fara rubuta bayaninsa dalla-dalla malamin musulunci ne, Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya Arrazi, mutumin birnin Rayyu a ƙasar Farisa, wanda ya rasu wajen shekara ta 925 ta Miladiyya. Ya wallafa littafi mai suna Kitabul Judari wal Hasba. Judari ita ce agana, hasba kuwa ita ce ƙyanda, kuma shi ya rarrabe tsakaninsu, gama kafin nan likitoci kan gama su wuri guda. Agana an gama da ita a duniya, an yi shelar haka a 1980. 'Yar'uwar tata ce ta rage mana.

To, kafin a gane ɓarnar ƙyanda sai an gane abin da take ɓatawa. Jikin ɗan Adam yana da hadda. A cikin jini da kaluluwa da saifa da ɓargo akwai waɗansu fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu ke nan yaƙi da cuta. Duk sa'ad da wata cuta ta shiga jiki suka yi karo da ita, ba su kan manta ta ba. Waɗansu daga cikinsu su kan ajiye kamanninta, su riƙa ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai, wanda likitoci ke kira antibodi. In ta sake dawowa sai a tare ta tun a bakin ƙofa, mutum ma bai san an yi ba. Wannan shi ake nufi da garkuwar jiki. Jariri kan zo duniya da aron makamai daga uwarsa, waɗanda kan ƙare cikin 'yan watanni. Daga nan sai ya fara nasa karatun, mura bayan mura, gudawa bayan gudawa, allura bayan allura, kamar yadda yaro kan fara daga babbaƙu ya je farfaru, har ya kai ga haddatu. Yaro mai shekara biyar ya riga ya tara hadda mai yawa, kuma da wahala ya tara ta.

Hujjar ƙarfin wannan hadda an same ta daga ƙyandar kanta. A 1846 wani kafinta ya kai ciwon daga birnin Kofanhagan zuwa tsibiran Faro, can cikin tekun arewacin Turai, inda aka yi shekara 65 ba a gan shi ba. Mutanen tsibiran su 7,782 ne, kusan 6,000 suka kamu. Gwamnatin Denmak ta aika da wani saurayin likita, Peter Panum, ya bi ƙauye ƙauye yana tambaya yana rubutawa. Ya tarar da tsofaffi 98 waɗanda suka yi ƙyanda a annobar 1781, ko ɗaya daga cikinsu bai sake yi ba, alhali suna jiyyar 'ya'ya da jikoki a ɗaki guda. Shi ne kuma ya ƙididdige cewa daga ranar da mutum ya haɗu da mai ciwon zuwa ranar da ƙuraje za su feso masa, kamar kwana 14 ne. Shekara 65 jiki bai manta ba! Wane gwani ne zai bar tilawa shekara 65 ya kawo ta ba gyara?

A nan abin mamakin yake. Ƙwayar ƙyanda, wadda take daga jinsin da ake kira bairas, in ta shiga ta numfashi, ba ta kan fara da fata ba. Waɗannan ƙwayoyi masu riƙe da hadda su take nema, gama a jikinsu akwai wata kafa wadda ta dace da ita kamar makulli da kuba, abin da masana na ƙasar Japan suka gano a shekara ta 2000. Ta shiga cikinsu ta hayayyafa, su kuwa su ɗauke ta su kai ta ko'ina cikin jiki, da yawansu su hallaka. Daga baya jiki kan yi galaba, ya kore ta, ya kuma haddace ta har abada, kamar yadda Panum ya gani. In aka ƙidaya fararen ƙwayoyin yaron bayan 'yan makonni, sai a ga adadinsu ya komo daidai. Amma fa ba su ne na dā ba. An wanke allon, an sake cika shi, sai dai yawancin abin da aka rubuta darasi ɗaya ne, watau ƙyanda. Sauran karatun shekara biyar, wani ya dushe, wani ya tafi ɗungum.

Ga 'yan kasuwa kuwa sai in ce, kamar tsohon maigadin kasuwa ne wanda ya san fuskar kowane ɓarawo da kowane ɗan sane a garin. Dare ɗaya aka kashe shi, aka kawo sababbin masu gadi ƙarfafa, adadinsu cif, amma fuska ɗaya tak suka sani, ta wanda ya yi kisan. Sauran ɓarayi sai su shigo da rana tsaka ana yi musu sannu da zuwa.

Tun a 1908 wani likitan yara a birnin Biyana, Clemens von Pirquet, ya lura da alamar wannan. Yana da wani gwaji da ya kan yi a fata, wanda kan kumbura in jiki ya taɓa sanin tarin fuka. Sai ya ga yaran da gwajinsu ke kumbura a dā, in suna ƙyanda ba ya kumbura, sai ka ce jikin bai taɓa jin labarin tarin fuka ba. Aka daɗe ana zaton abin na 'yan makonni ne. Sai a 2015 Michael Mina da abokan aikinsa suka bi lissafin mutuwar yara na shekaru masu yawa a Ingila da Amurka da Denmak, suka ga duk shekarar da ƙyanda ta yi yawa, mutuwar yara da waɗansu cututtuka dabam ta kan hau, ta kuma zauna a sama har shekara biyu zuwa uku. A 2019 suka kawo hujja daga jini. A ƙasar Holan akwai wata jama'a masu ƙin allura saboda aƙidarsu, annoba ta same su a 2013, iyaye suka yarda aka ɗebi jinin yara 77 kafin su kamu da kuma bayan sun warke da kamar wata biyu. Aka tarar wanda ya yi asara kaɗan ya rasa kashi 11 cikin 100 na ire-iren makaman da ke jininsa, wanda ya yi asara da yawa ya rasa kashi 73. Waɗannan fa yaran Turai ne, ƙosassu, masu shan madara da kwana a kan gado. Aka duba yaran da aka yi wa allurar ƙyanda, ba a ga irin wannan asara ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya fi kashe yaro a cikin ƙyanda da bayanta shi ne ciwon huhu, wanda ake ce wa namoniya, shi ne ya ɗauki almajirina. Sai gudawa mai tsanani, da ruwan kunne wanda kan bar kurumta, da tarin fuka wanda yake kwance ya farka. Kamar yaro ɗaya cikin dubu ciwon kan taɓa masa ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wani mugun ciwo mai fara wa daga dasashi, ya ci leɓe da kumatu har haƙora su bayyana, cikin 'yan kwanaki. Likitoci na kiransa noma, ba noman gona ba, kalmar Yunananci ce. Ya kan sami yara ƙanana masu yunwa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Saboda yawansa a ƙasarmu aka buɗe asibiti musamman dominsa a Sakkwato a 1999, kuma Nijeriya ce ta ja gaba har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a watan Disamba na 2023. Mutane kan ce iska ce ta taɓa yaron. Warin baki da kumburin dasashi bayan ƙyanda, in aka kai asibiti da wuri, maganin kashe ƙwayoyi na 'yan kwanaki kan tsai da shi.

Ciwo ɗaya ne, amma ba hukunci ɗaya ya kan yanke wa kowa ba. A ƙasashen da ke da wadata, cikin yara dubu masu ƙyanda ɗaya zuwa uku ke mutuwa. Inda akwai yunwa da ƙarancin magani, uku zuwa shida ne cikin ɗari, ba cikin dubu ba. Tsakanin 2004 da 2005 masu bincike sun bi gida gida a unguwar Bukoki ta birnin Yamai, da wata unguwa a Injamena, da gundumar Dong a Jihar Adamawa, bayan annoba. A Yamai da Injamena, cikin yara ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar da suka kamu, huɗu zuwa biyar suka rasu. A Dong, inda asibiti ke da nisa, ɗaya ne cikin goma.

Tun kafin wannan, wani likita Bature, David Morley, ya zauna a Imesi-Ile da Ilesha a ƙasar Yarbawa daga 1956, yana auna nauyin yara wata wata a sikeli yana rubutawa. Shi ya nuna wa duniya cewa ƙyandar Afirka ta Yamma ba wasan yara ba ce kamar yadda Turawa suka ɗauka a ƙasarsu. Ya ga ƙuraje su yi baƙi, fata ta sāɓe, baki ya yi gyambo yaro ya kasa tsotso, nauyi ya zube, daga nan sai tamowa da kumburi. Watau yunwa na tsananta ƙyanda, ƙyanda kuma na haifar da yunwa.

A nan dole in taɓa al'adunmu, ko da ba za a ji daɗi ba. Na ga gidajen da in baƙo ya sauka a kan hana yaro nama da ƙwai da mai, a rage masa ruwa, a hana shi wanka, a kulle shi a ɗaki mai duhu ba iska, wai kada ƙurajen su koma ciki. Na ga an ɗiga ruwan ganye a idon da ya yi ja, ko a cika shi da kwalli. Tsofaffin da ke yin haka ƙauna ce ta sa su, ba na zarginsu. Amma yaron da zazzaɓi ke ƙonawa, gudawa na tsiyaye shi, shi ya fi kowa bukatar ruwa da nono da abinci mai maiƙo. Idon kuma ruwa mai tsabta da tsumma mai tsabta kaɗai yake so, sai abin da likita ya bayar. Akwai wani sinadari da ake kira bitamin A, wanda ke cikin hanta da ƙwai da manja da zogale da karas da kabewa da mangwaro da gwanda. Shi ke tsare ido da fatar cikin huhu da hanji, rashinsa ke kawo dundumi. Ƙyanda kan cinye ɗan abin da yaro ya tara, sai baƙin ido ya bushe, ya yi fari, ya fashe. Makafi da yawa da muke ba sadaka a bakin kasuwa, in ka tambaye su, za su ce maka da idonsu aka haife su, baƙon dauro ne ya tafi da shi.

Maganin wannan kuwa ba shi da tsada. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu an yi gwaji da yara 189 masu ƙyanda mai tsanani, aka buga sakamakon a 1990. Aka ba rabi bitamin A, rabi ba a ba su ba. Yara 12 suka rasu, 10 daga cikinsu suna cikin waɗanda ba a ba. Saboda haka ƙa'ida ita ce duk yaron da ya kamu a ba shi sau biyu, yau da gobe. Ɗan ƙwanso ne mai mai a ciki, ja na wanda ya cika shekara, shuɗi na ɗan wata shida zuwa goma sha ɗaya, a yanke bakinsa a matsa a bakin yaro. Ko ɗaya daga yarana goma sha ɗayan nan bai samu ba, domin ban kai su ba, ban kuma san da shi ba.

Akwai wata mas'ala wadda ta shafe mu mu masu makarantu fiye da kowa. Wani masani mutumin Denmak, Peter Aaby, ya fara aiki a Gini Bisau a 1978. Da annoba ta zo sai ya lura da cewa yaron da ya ɗauko ƙyanda a waje ya kawo gida, sau da yawa ya kan tashi. Ƙannensa da suka ɗauka daga gare shi, suna kwana tabarma ɗaya suna shaƙar numfashinsa dare da rana, su suka fi mutuwa. Dalili kuwa, shi ɗan kaɗan ya shaƙa a hanya, su kuwa sun sha har sun ƙoshi. Da aka karanta mini wannan sai zaurena ya faɗo mini a rai, yara ashirin a jere kamar buhuna, ƙofa a rufe, taga an toshe da tsumma. Yaron da ya rasu yana cikin na ƙarshen kamuwa. Na kasance ina cewa, tun da sun riga sun cuɗanya, raba su ba shi da amfani. Ashe yana da shi. Ko yaro zai kamu, gara ya kamu da kaɗan. Har wa yau, wanda ba a taɓa yi wa allura ba, in aka yi masa cikin kwana uku da haɗuwarsa da mai ciwon, sau da yawa ta kan tare ciwon ko ta sassauta shi.

Gudun ƙyanda kuwa babu kamarsa cikin cututtuka. Mutum ɗaya kan sa wa 12 zuwa 18 inda ba wanda ke da kariya. Cikin mutum goma marasa kariya da suka zauna da shi, tara za su kamu. Ƙwayar kan tsaya cikin iskar ɗaki har sa'a biyu bayan mai ita ya fita. Mafi wuya, yaro kan fara yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, sa'ad da ba a ganin kome sai zazzaɓi da tari da majina da jan ido, ya ci gaba har kwana huɗu bayan fitowarsu. Mai lura zai iya buɗe bakin yaron ya ga waɗansu fararen ɗigo a cikin kumatu kamar tsabar gishiri, kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su fara daga bayan kunne da goshi su gangara. Ku kuwa fatake, mota ɗaya ta kasuwar ƙauye, gilashi a rufe saboda ƙura, mace da goyo mai tari a kujerar baya, ta isa ta rarraba ciwon ga garuruwa biyar kafin magariba.

Dubiya abu ne mai kyau, ba mai ja da wannan. Amma mace ta goyo jaririn wata biyar ta shiga ɗakin mai ƙyanda ta zauna ana hira, wannan ba zumunci ba ne. Ta yi sannu daga tsakar gida, ko ta aika da kunu. Haka mai ciki, gama ƙyanda kan jawo ɓari da haihuwar bakwaini.

Wannan ya kawo mu ga mutanen da ba su da garkuwa sai ta maƙwabta. Allurar ƙyanda ƙwayar ce da ranta, amma an raunana ta har ba ta iya cutar da mai lafiya. Domin haka ba a yi wa mai ciki, ba a yi wa wanda ake ba maganin ciwon daji, ko wanda ƙanjamau ya riga ya kwantar. Jariri kuma a bisa tsari sai ya kai wata tara, alhali aron da ya samu daga uwa sau da yawa ya ƙare kafin nan. Irin waɗannan in ƙyanda ta same su ta kan yi tsanani ƙwarai, wani ma ƙuraje ba su fito masa ba sam, sai dai huhu ya cika, a rasa gane abin da ya kashe shi. Ba abin da ke tsare su illa a ce ciwon bai sami hanyar isowa gare su ba, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai 95 cikin 100 na jama'ar gari sun sami allura sau biyu. Wanda ya hana a yi wa ɗansa ƙosasshe, la'alla ɗan nasa ya kwanta ya tashi. Jaririn gidan da ke jikin katangarsa ne zai biya. Amma yaro mai tamowa, ko mai 'yar mura, ko mai ɗauke da ƙanjamau wanda jikinsa ke da ƙarfi, duk ana yi musu, su ne ma suka fi bukata.

In ka ce, ai mu duk mun yi ƙyanda muna yara, ga mu da gemu, sai in ce, waɗanda suka rayu ne kaɗai ke wannan magana. Tambayi tsohuwarka 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ta yaye, nawa suka kai kaciya. Kafin a sami allurar a 1963, an ƙiyasta ƙyanda na kashe mutum miliyan 2 da dubu 600 kowace shekara a duniya. A 2023 ƙiyasin ya sauko zuwa 107,500, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara biyar. Ragowar nan ma gari guda ne.

In ka ce, abin da aka ƙaddara ba makawa, sai in ce haka ne, kuma ba ni ne zan koya wa malamai wannan babi ba. Kun fi ni sanin cewa Sayyidina Umar ya kamo hanyar Sham, da ya sami labarin annobar da aka sani da ta Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina, ba a kuwa ce imaninsa ya ragu ba.

In ka ce, ba mu amince da abin da ke cikin kwalbar ba, to wannan magana tana da asali, ba zan raina ta ba. A 1996, shekarar da sanƙarau da kwalara da ƙyanda suka haɗu a Kano, wani kamfanin waje ya gwada sabon maganin sanƙarau a kan yara, abin da ya kai ga shari'a ta shekaru, kuma tabon bai gama warkewa ba. Amma a yi adalci, a rarrabe kamar yadda Arrazi ya rarrabe. Allurar ƙyanda ba sabuwa ba ce. John Enders da Thomas Peebles suka kama ƙwayar a Amurka a 1954. Tun daga 1967 aka bi ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ana yin ta tare da lambar agana, iyayenmu suka tsaya layi a ƙofar hakimai. Yaran da aka yi wa a wancan zamani su ne kakanni yau, gidajensu cike da 'ya'ya da jikoki. Abin da ta kan jawo, ɗan zazzaɓi ne bayan mako guda, wani lokaci da 'yan ƙuraje marasa yawa. Tana koya wa jiki darasin ƙyanda ba tare da ta wanke sauran allon ba.

Tsarin Nijeriya shi ne a yi ta farko a wata tara, ta biyu a wata goma sha biyar, kyauta. Ta farko kaɗai ta kan kama a jikin kamar 85 cikin 100, domin haka ake maimaitawa. Kada tabon da ke dantsen yaro ya ruɗe ka, wannan na tarin fuka ne da ake yi bayan haihuwa, ta ƙyanda ba ta barin tabo. Almajiranmu kuwa sau da yawa su ne ke faɗawa tsakani, an bar ƙauye ba a yi musu ba, an zo birni ba uwar da za ta kai su.

Yanzu duk uban da ya kawo mini yaro, bayan mun gaisa na kan tambaye shi katin allura. In babu, ranar Alhamis da ba karatu sai in sa babban almajiri ya kai shi asibitin unguwa. Na buɗe tagogin zaure biyu da aka toshe, na kuma keɓe rumfa a bayan gida domin mai zazzaɓi da jan ido. Wanda ya tashi daga ƙyanda ba ya fita neman abinci sai ya mai da jikinsa, daga tukunyar gidana yake ci, uwargida ta kan ƙara masa manja da zogale da ƙwai in ya samu. Ina da wani ɗan littafi inda na kan rubuta sunansa da watan da ya kwanta, in riƙa sa masa ido har shekara biyu. In ya yi gudawa, ruwan gishiri da sukari tun daga zawon farko. In ya yi tari da zazzaɓi, sai in kwantar da shi in buɗe ƙirjinsa, in sa agogo a gaba, in ja carbi ɗaya ga kowane numfashi har minti guda. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyar in ya kai 40, jariri ɗan wata biyu zuwa goma sha ɗaya in ya kai 50, ko na ga ƙasan haƙarƙari na lomawa ciki, ko ya kasa sha, ko baƙin idonsa ya yi hazo, ba na jiran gari ya waye. Kuma abin da na kan fara gaya wa likita tun kafin ya tambaya shi ne, yaron nan ya yi ƙyanda a wata kaza.